Rufin Kwano Da Hannunka: Inda Ake Rage Kuɗi Da Inda Ba A Ragewa

Duk shekara, daga ƙarshen Afrilu zuwa watan Yuni, idan hadarin farko ya taso daga gabas da iskarsa, sai an sami unguwar da za ta wayi gari da kwano a bakin titi, ko a Birnin Kebbi, ko a Jega, ko a Argungu. Idan ka tsaya ka duba rufin da ya tashi, galibi za ka tarar kwanon na nan manne da katakonsa, ƙusoshi ba su ko motsa ba. Rufin ne ɗungurungum ya rabu da bango. Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi, kamar yadda ake ɗage faifai daga bakin ƙwarya, kuma daga gefe da kusurwa take kamawa. Wanda ya gane wannan ya san inda zai sa kuɗinsa. Launin kwano, silin, fenti, har da kuɗin aiki, duk ana iya tsuke hannu a kansu. Ɗaurin katako da bango ne ba a yi masa rowa.

Wannan bayani na ƙaramin gini ne: ɗaki ɗaya, ciki da falo, shago, kicin ko rumfar dabbobi. Idan babban gida ne mai kusurwoyi da kwaruruka inda rufi biyu ke haɗuwa, ko bene, ka nemi kafinta wanda ya san aikinsa. Ko a ƙaramin ginin ma, in ba ka taɓa riƙe zarto ba, ka ɗauki kafinta na yini ɗaya ya haɗa maka ƙwarangwal na farko, wato haɗin katakon da ke ɗaukar nauyin rufi, kana kallo, sauran kai da 'yan'uwa ku kwaikwaya.

Fasali da awo

Rufin da ya fi sauƙi da araha shi ne mai gangara ɗaya, bango ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ruwa na zuba gefe guda. Ba ya cin katako da yawa, ba ya bukatar kwanon rufe ƙoli, kuma wuraren da zai iya yoyo kaɗan ne. Kafin a ɗora bulon ƙarshe ka yanke shawarar inda ruwan zai zuba. Ya zuba cikin gidanka ko kwatar titi. Kada ya sauka a gindin katangar maƙwabci, musamman in ta ƙasa ce, don damina ɗaya ta isa ta cinye ta, ta kuma ci zumunci.

Gangarar da nake ba da shawara ita ce tashin ƙafa 1 a kowace ƙafa 4 ta faɗin gini. Mutane da yawa suna kwantar da rufi sosai don su rage bulo, sai ruwan da iska ke korawa ya riƙa komawa baya ta ƙarƙashin mahaɗar kwano yana ɗiga a tsakar ɗaki, a yi ta neman huda ba a gani.

Mu ɗauki ciki da falo mai tsawon ƙafa 26 da faɗin ƙafa 14, awon waje. Bangon baya zai ɗara na gaba da ƙafa 3 da rabi, wato layin bulo huɗu zuwa biyar. Tsawon gangarar daga bango zuwa bango zai kama ƙafa 14 da rabi. Ƙara ƙafa 1 da rabi a ƙasa don ruwa ya faɗi nesa da bango, da ƙafa 1 a sama, ka sami ƙafa 17. Kwanon da aka fi sayarwa a bandir tsawonsa ƙafa 6 ne, kuma kowane falle zai hau kan na ƙasa da shi da inci 6. Layi uku ke nan: 6 da 5 da rabi da 5 da rabi, ƙafa 17 cif, ba yanka ba asara. Wannan shi ne amfanin yin lissafi kafin magini ya gama, don inci kaɗan na iya jawo maka sayen layi guda na kwano da za ka yanke rabinsa ka yar.

Ta faɗi kuwa, ƙara ƙafa 1 a kowane gefe, ya zama ƙafa 28. Faɗin kwano ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ka je da tef shagon, ka ɗora falle biyu yadda za su zauna a sama, tudu ɗaya da rabi na hawa kan juna, ka auna abin da falle ɗaya ke rufewa. In ƙafa 2 ya ba ka, falle 14 ne a kowane layi, 42 gaba ɗaya. Bandir falle 20 ne, saboda haka bandir biyu da falle huɗu za ka saya, biyun na ko-ta-kwana.

A kasuwa

Lokacin saye shi ne bayan kaka, sa'ad da kuɗin amfanin gona ke hannu, ba bayan iska ta yi ɓarna kowa ya ruga kasuwa ba. Akwai wani dalilin ma da ya fi wannan: katako yana bukatar lokacin bushewa.

Kwano iri-iri ne. Akwai farin kwano na bandir, akwai mai launi, akwai dogon na alminiyam da ake yanko maka daidai tsawon da ka ba da, wanda kaurinsa da aka fi sani shi ne milimita 0.45 da 0.55. Dogon ba ya tsatsa kuma ba shi da mahaɗa a tsakiya, sai dai kuɗinsa ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi nisa. Na bandir ya isa, in dai ba ka ɗauki mafi siranta ba. Kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a jiki. Ɗaga falle ɗaya na wannan, ɗaga na wancan, hannunka zai gaya maka. Wanda ke lanƙwashewa da ɗan yatsa biyu, hular ƙusa za ta ratsa shi ranar da iska ta ja. Ka sa a kwance bandir ɗin a gabanka a ƙirga, ka duba tsakiyarsa. In ka ga farin gari-gari a tsakanin fallaye, ruwa ya taɓa kwanciya a ciki ya fara cin shafen da ke kare ƙarfen daga tsatsa. Kai ma in ka kai gida, ka jingine shi a inuwa, a kan katako, inda raɓa ba ta sauka.

Tsohon kwano yana da wurinsa. Ɗaga shi sama ta fuskar rana, duk huda za ta bayyana. Ya yi wa kicin, garke ko rumfa. Ɗakin kwana kuwa, ni dai ba zan sa shi ba.

Katako tsawonsa ƙafa 12 ne galibi. Za ka bukaci tu-bai-fo, wato katako mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4, na ƙwarangwal da na kan bango, da tu-bai-tiri, mai inci 2 da 3, na gicciye wanda kwano zai kwanta a kai. Za a ce maka tu-bai-tu ya isa gicciye. Ya fi araha, gaskiya ne, amma yana tsagewa idan ƙusa ta shige shi, yana kuma lotsawa ƙarƙashin ƙafar mutum. Bar shi sai lokacin silin. Kowane katako ka ɗaga bakinsa ka saita ido kamar mai duban bindiga, mai murɗe ka mayar. Mai babban gaɓa a tsakiya, mai ɓawo a gefe, mai ƙananan huda da gari ke zubowa, duk ka ƙi su ko da an rage maka. Lissafin ginin namu: ƙwarangwal takwas, kowanne zai ci tu-bai-fo kamar huɗu, biyar na kan bango, tu-bai-tiri 18 na gicciye layi bakwai.

In ka kawo, jera shi a inuwa a kan bulo, da 'yan sanduna tsakanin layi da layi don iska ta ratsa, ka danne samansa da abu mai nauyi. Ɗanyen katako da aka buga a sama, hunturu na zuwa zai tsuke, ya murɗe, ya saki ƙusoshinsa. Bayan ya sha iska na makonni, shafe shi da maganin gara na katako, irin su Solignum. Da yawa baƙin mai suke shafawa don shi ne a kusa, amma bai kai maganin ba, ga wari idan zafi ya yi. Duk inda ka yanka da zarto daga baya, sake shafa bakin, don ta nan gara ke shiga.

Ƙusoshi: inci 4 da inci 5 na katako, da ƙusar kwano mai hula da roba, mai murɗaɗɗen jiki in ka samu, don ta fi riƙo. Yi lissafin 20 ga kowane falle. In alminiyam ka saya, ka nemi ƙusarsa, baƙin ƙarfe da alminiyam ba sa zama lafiya idan ruwa ya shiga tsakani. Sai langa-langa, igiya, guduma, zarto, almakashin kwano, siririn tiyo na gwada daidaito, da safar hannu.

Ɗaurin bango

A nan nake so ka natsu.

Idan ginin bai kai sama ba tukuna, ka sa magini ya zuba kankare zagaye da kan bangon, ya dasa rodi mai milimita 6 a ciki, an lanƙwasa gindinsa ya kama rodin kankaren, kawunansa biyu sun fito sama da kamar ƙafa 2. A dasa ɗaya a duk inda ƙwarangwal zai zauna, wato kusan kowace ƙafa 4, a bangon gaba da na baya, a kuma tabbata akwai a kusurwoyi huɗu. Kuɗin wannan rodi bai kai na falle kaɗan na kwano ba, amma shi ne ke riƙe da rufin gaba ɗaya.

Idan an riga an gama gini ba a bar rodi ba, kada ka ce shi ke nan. Ƙirgo layin bulo uku daga sama, ka huda bangon, ka zura rodi ko langa-langa riɓi biyu, ka ɗago kawunan ta ciki da ta waje su haɗu a kan katako, sannan ka cike hudar da siminti. Layi uku, ba ɗaya ba, don nauyin bulon da ke sama da hudar shi ne abin da iska za ta yi kokawa da shi. Wanda ya ɗaure a layin farko, iska kan tafi da rufin da bulon tare. A ginin ƙasa ka sauka ƙafa 3, ka sa guntun icce mai ƙarfi a cikin hudar, kamar azara, rodin ya zagaye shi, don kada ƙarfe ya yanka ƙasar.

Yanzu shimfiɗa tu-bai-fo a kan bangon gaba da na baya. Cika tiyo da ruwa, mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a wannan kusurwa, wani a waccan. Inda ruwan ya tsaya a bakunan biyu daidai yake. Inda bango ya yi ƙasa a cike da siminti, ba da tarkacen katako ba. Sannan ka gwada kusurwa: auna ƙafa 3 a bango ɗaya, ƙafa 4 a ɗayan, tsakanin alamomin biyu ya ba ka ƙafa 5. Magina ba kasafai suke fitar da gini a kan kusurwa cif ba. In ya karkace, gara ka sani yanzu ka gyara a katako, don kwano ba ya bin karkata.

Ƙwarangwal

A ƙasa ake haɗa shi, a shimfiɗaɗɗen fili. Katako ɗaya a kwance mai ƙafa 14, ɗaya a gangare mai ƙafa 17, ɗaya a tsaye a ɓangaren baya, da matokarai biyu ko uku a tsakani, ɗaya a karkace don ya hana shi rangaji. Tunda katako ƙafa 12 ne, dole ka yi ƙari. Haɗa bakunan biyu, ka manna guntaye masu ƙafa 3 ta gefe da gefe, ka buga ƙusa ta ɓangarorin biyu a warwatse, ba a layi ɗaya ba, don kada ya tsage. Mahaɗar na gangaren ta faɗo daidai kan matokari, kuma kada ta zo wuri ɗaya da mahaɗar na kwancen. Na farko in ya yi kyau, ɗora shi a sama ka gwada, sannan ka sauke ka riƙa ɗora sauran a kansa kana kwafa. Waɗanda za su zauna a kan bangon gefe da na tsakiya ba sa bukatar na kwance da matokarai, in an gina bangon ya bi gangara. Nan ka sami rarar katako.

Kafin kowa ya taka tsani, aika yaro gidajen maƙwabta a sanar da su za a hau sama gobe da jibi, don iyali su kimtsa. Haƙƙi ne, kuma shi ke sa a taya ka da hannu in ka nema. Ka kuma ɗaga kai ka duba wayar lantarki. In akwai wadda ta ratsa kusa da ginin, kada a ɗaga kwano ko rodi sai masu wuta sun zo sun kawar da ita, ko da kuwa an kwana biyu ba a kawo wuta ba.

Fara kafa na ƙarshen nan da na ƙarshen can, ka tokare su, ka ja igiya tsakaninsu a sama da ƙasa, sauran su bi igiya. Kowanne ka buga shi da katakon kan bango, sannan ka lanƙwaso rodin nan ya haye kan ƙwarangwal ɗin kansa, ba katakon kan bango kaɗai ba, ka murɗe, ka danne shi da ƙusoshi a lanƙwashe. Buga katako biyu a karkace ta ƙarƙashi, daga kusurwa zuwa tsakiya, su ɗaure ƙwarangwal ɗin da juna.

Gicciye layi bakwai ne, tazarar ƙafa 2 da inci 9. An zaɓi wannan tazara ne don kowace mahaɗar kwano ta faɗo kan katako, kowane falle kuma ya sami wani a tsakiyarsa. Ƙarin gicciye a kan ƙwarangwal ake yinsa, ba a iska ba. Ƙusa kaɗai ba ta isa nan ba, domin ƙusa tana da ƙarfi idan an tura ta gefe, amma ba ta da shi idan an zare ta ta inda ta shiga, kuma haka iska ke ja. Saboda haka layi biyu na ƙasa, biyu na sama, da duk mahaɗun gefe, ka zagaye su da langa-langa ka buga. In langa-langar ta isa, yi wa dukkansu.

Ɗora kwano

Da sassafe ake yi, bayan raɓa ta bushe. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40, kuma kafin hantsi ya yi nisa kwano ya fi ƙarfin tafin hannu. Ranar da ake iska a haƙura, falle ɗaya a hannu ya isa ya jefo mutum ƙasa. Mutum uku ne aikin: ɗaya na miƙowa, biyu a sama, kowa da safar hannu da takalmin roba.

Ja igiya a bakin ƙasa, inci 2 zuwa 3 gaba da katakon ƙarshe, bakin kowane falle ya taɓa ta. In layin kwanon ya bi gabas da yamma, fara daga yamma kana tahowa gabas, ta yadda bakin kowace mahaɗa zai kalli yamma, ya juya wa hadari baya. Ɗora na ƙasa, na tsakiya ya hau kansa, na sama ya hau na tsakiya, sannan ka matsa gaba ka sake farawa daga ƙasa. Haka za ka riƙa tsayawa a kan katako maimakon kan kwano. Jeri biyu na farko ƙusa bibbiyu kawai za ka sa musu, ka sauko ka ja baya ka duba. Karkatar rabin inci a fallen farko tana zama tafin hannu guda kafin ka kai na 14. Sai ka gamsu sannan ka cika ƙusa.

A kan tudu ake buga ƙusa, ba a kwari ba, domin kwari hanyar ruwa ce. A layin ƙasa, layin sama da gefuna biyu, buga a kowane tudu ko ka tsallake ɗaya. A tsakiya kana iya tsallake biyu. Mahaɗa kuwa, ko ta tsaye ko ta kwance, dole ƙusa ta ratsa ta. Inda fallaye huɗu suka haɗu, fara hudawa da kaifaffen ƙarfe don kada ƙusa ta zame. Buga har robar ta zauna, ka tsaya. In tudun ya lotsa ka yi wa ruwa tafki. Ja igiya a bisa kwanon daidai kan kowane gicciye don ka san inda katako yake. In ƙusa ta kuskure, za ka ji ta shige ba nauyi, zare ta nan take ka liƙe hudar da manne mai kwalta. Wani ya shiga ciki ya lanƙwashe duk bakin ƙusar da ya leƙo ta ƙarƙashin katako. In ya zama dole ka taka kwano, taka kan layin ƙusoshi.

Yanka da almakashi ake yi. Injin yankan ƙarfe yana ƙone abin da ke kare kwanon, tartsatsinsa kuma duk inda ya sauka nan tsatsa za ta fara.

Gefuna su ne ƙofar iska. Buga allon katako a bakin rufin ta ko'ina, ka lanƙwasa shimfiɗaɗɗen kwano ya haye tudu biyu ta sama ya sauko kan allon, ka bi shi da ƙusa kusa-kusa. Ratar da ke tsakanin kan bango da kwano a cike ta da bulo, amma a bar 'yan tagogi a sama, a bangon baya da na gefe, a rufe su da ragar waya. Ta nan zafin da ke taruwa ƙarƙashin kwano zai fita, ragar kuma ta hana jemage da tsuntsaye. Masu son ɗora rawani, wato ɗan gajeren bango, a kan bakin kwano, dabara ce mai kyau ga iska, sai dai a shafa kwalta a inda siminti zai taɓa kwanon, don siminti yana cinsa, a kuma tsaga bango a cusa bakin kwanon kariya a ciki, kada a dogara da shafen siminti da zai tsage a rani ɗaya.

Da ka gama, share kan rufin tas, ƙusoshi da ɓarɓashin ƙarfe duka. Da tsakar rana shiga ciki ka rufe ƙofa da taga ka ɗaga kai, duk ɗigon hasken da ka gani huda ce. Sannan wani ya hau tsani ya kwarara ruwa da bokiti daga sama, layi-layi, kana ciki kana kallo. Kada ka yi gaggawar silin, bari ruwa biyu ko uku su sauka a kai tukuna, don da silin ya rufe ba ka ƙara ganin inda ke ɗiga sai ya yi tabo. Kafin nan zana ko asabari a ƙarƙashin katako na rage zafi da ƙarar ruwa. A watan Maris mai zuwa, bayan hunturu ya gama busar da katakon, sake hawa da guduma ka bi ƙusoshin gefe da na kusurwa ɗaya bayan ɗaya, wadda ta ɗago ka mayar da ita, wadda ta saki ka canza ta da mai tsawo, ka leƙa rodin ɗauri ka ƙara murɗe wanda ya yi sako-sako.